ABIN DA AKA ƁOYE WA MAJALISA, KAI AKA ƁOYE WA

Ya ku jama'ar Zauro da Ambursa da Birnin Kebbi da Argungu, da dukan ƙauyukan da ke shan ruwan Gulbin Rima.  Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙofar gida ko a inuwar kasuwa, domin maganar nan ta kowa ce.

Babban zaɓe yana tafe. Duk inda ka zauna hira ɗaya ce, wa zai zama Shugaban Ƙasa, wa zai zama Gwamna. Amma ran zaɓen Shugaban Ƙasa takarda 3 ake miƙa wa mutum: ta Shugaban Ƙasa, da ta Majalisar Dattijai, da ta Majalisar Wakilai. Mutane da yawa sukan dangwala ta farko da natsuwa, sauran biyun kuwa duk inda yatsa ya faɗa shi ke nan. To, jama'a, a kan waɗannan takardu biyu muke son yin magana, domin su ne idonku a Abuja. In idon ya makance, ko aka rufe shi da gangan, dukiyarku za a ci kuna zaune, ba ku ji ba, ba ku gani ba.

WANE NE MINISTA, WANE NE WAKILI?

Babu wanda ya taɓa jefa wa Minista ƙuri'a. Shugaban Ƙasa ne ke zaɓo shi, Majalisar Dattijai ta tantance shi, sa'an nan a damƙa masa ma'aikata guda da kuɗinta, ta ruwa ce, ko ta aikin gona, ko ta man fetur. Watau an ba shi kiwo ne, dabbobin ba nasa ba ne. Wanda ya ba da kiwo kuwa, ai yakan tura ɗansa lokaci lokaci ya je ya ƙirgo. Wannan ɗan aiken shi ne ɗan Majalisa. Ƙasar nan tana da Sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360, Jihar Kebbi tana da Sanata 3 da wakilai 8 a cikinsu.

Tsarin Mulkin 1999 bai bar abin a duhu ba. Sashe na 80 ya hana a fitar da ko kwabo daga Baitulmalin Tarayya sai da yardar Majalisa. Sashe na 67 ya wajabta wa Minista ya halarci Majalisa in an gayyace shi, ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa. Sashe na 88 da na 89 sun ba Majalisa ikon yin bincike don tona almundahana da ɓarna, ta kira kowa, ta nemi kowace takarda, wanda ya ƙi zuwa kuma ba da wani dalili ba ta sa 'yan sanda su kawo shi. Majalisar Dokoki ta Jiha da ke Birnin Kebbi, mai wakilai 24, tana da irin wannan iko a kan Kwamishinoni.

Kun ji doka. Yanzu ku ji yadda ake zagaye ta.

CIWON YA DAƊE

Dattijai za su tuna maganar Naira miliyan 2,800 na man fetur da aka ce sun yi ɓatan dabo daga asusun Kamfanin Mai na Ƙasa, watau NNPC. Zancen ya taso ne daidai lokacin da soja suka miƙa mulki a 1979. Da sabuwar Majalisa a Ikko ta ɗauki maganar da zafi, sai Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari ya kafa kotun bincike a 1980 a ƙarƙashin Mai Shari'a Ayo Irikefe. Kotun ta ce kuɗin ba su ɓace ba, amma ta tarar littattafan lissafin kamfanin a hargitse suke. Me ya kawo haka? Shekara 13 soja suna mulki, babu Majalisa, babu mai tambaya. Ma'ajin da ya san ba wanda zai duba littafinsa, ina ruwansa da gyara shi?

Tun 1999 muna da Majalisa ba yankewa. Amma masu riƙe da ma'aikatu sun koyi dabaru, kuma gwamnatocin jam'iyyu daban daban duk sun yi amfani da su. Ga huɗu daga ciki.

Dabara ta farko, a ƙi zuwa. A 2014 Majalisar Wakilai, a zamanin da Aminu Waziri Tambuwal yake shugabanta, ta sa kwamiti ya binciki zargin cewa an kashe kimanin Naira biliyan 10, watau miliyan dubu goma, wajen hayar jirgin sama na musamman don Ministar Man Fetur, Diezani Alison-Madueke. Zargi ne, hanyar wanke kai kuwa a buɗe take: a zo da takardu a shimfiɗa. Maimakon haka sai Ministar ta garzaya babbar kotun tarayya a Abuja tana neman a hana Majalisa kiranta. Aka yi ta jan magana wata da watanni. Jama'a, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Dabara ta biyu, a ce tambayar za ta jawo asara. A 2020 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna duba yarjejeniyoyin bashin da Nijeriya ta ciwo daga ƙasar Sin, ya ci karo da wani sharaɗi da ya tayar wa wakilai da hankali. Ministan Sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya roƙi kwamitin ya dakatar da binciken tukuna, wai kada masu ba da bashin su ji su fasa ba da kuɗin hanyar jirgin ƙasa. Ku duba fa. Bashin da 'ya'yanku da jikokinku za su biya, ana cewa wakilanku su yi shiru har sai an karɓo shi. Wane dillali ne zai ce wa mai shanu kada ya tambayi farashi sai an tafi da sa?

Dabara ta uku, a riƙe rahoto sai zaɓe ya wuce. A Fabrairun 2014 Gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya gaya wa kwamitin Majalisar Dattijai cewa akwai Dalar Amurka biliyan 20 na cinikin mai da ba su shiga asusun Tarayya ba. Cikin watan nan aka dakatar da shi daga aiki, gwamnati ta ce saboda wasu laifuffuka ne na daban. Aka ɗauko kamfanin PricewaterhouseCoopers ya bi lissafin. A Fabrairun 2015 aka fitar da taƙaitaccen bayani kawai, cewa kamfanin mai ya mayar da Dala biliyan 1.48. Majalisar Wakilai ta nemi cikakken rahoton. Aka yi zaɓe ran 28 ga Maris, rahoton bai fito ba sai ƙarshen Afrilu, wata guda bayan an gama jefa ƙuri'a. Wannan shi ne ihu bayan hari.

Dabara ta huɗu ita ce mafi muni: a kashe kuɗin tukuna, sa'an nan a zo neman izini. A kasafin 2011 Majalisa ta yarda da Naira biliyan 245 don tallafin man fetur. Da kwamitin Majalisar Wakilai ya bi sawu a 2012, sai ya ce abin da aka kashe ya haura Naira tiriliyan 2 da rabi, watau ninki goma. Tiriliyan ɗaya fa miliyan ce sau miliyan. Har ila yau, a Disamban 2022 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta kawo wa Majalisa lissafin Naira tiriliyan 22.7 da aka riga aka ranta daga Babban Banki cikin shekaru, alhali dokar bankin ta lokacin ta ce irin wannan rance kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Wasu Sanatoci suka tashi suka ce a kawo bayanin abin da aka yi da kuɗin dalla dalla. Duk da haka a Mayun 2023 Majalisar ta sa hannu, aka mai da shi bashin shekara 40. Sai a 2024 sabuwar Majalisar Dattijai ta kafa kwamitin binciken inda kuɗin suka shiga. An yi cinikin biri a sama ke nan.

INA RUWAN MUTUMIN ZAURO?

Wani zai ce, wannan rigimar manya ce, ni dai a bar ni da gonata. To, ɗan'uwa, gonar taka tana ciki.

In gwamnati ta ranci kuɗi daga Babban Banki haka barkatai, kuɗi ne ake ƙirƙira ba tare da an ƙara ko buhu ɗaya na hatsi a ƙasa ba. Kuɗi su yi yawa, kaya su yi tsada. Ka je sayen taki ko man injin ban ruwa, ka ji farashin da ya sa ka dafe kai. Ba ka sa hannu a takardar rancen ba, amma kai ka fara biya.

Ga kuma wanda ya fi kusa. A nan Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki a Nuwamban 2015, kuma a nan Zauro aka tsayar da dalar shinkafa a 2021. Manoma da yawa sun amfana, ba mai musun wannan. Amma fiye da Naira tiriliyan 1 aka raba a faɗin ƙasar nan, kuma kuɗin daga Babban Banki suka fito kai tsaye, ba ta cikin kasafin da Majalisa ke tsefewa layi layi ba. A 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kimanin kashi 24 cikin 100 kaɗai aka biya, Babban Banki ya ce a'a, kashi 52 ne. Ku ji tazara! Su wa suka karɓa? Su wa suka ƙi biya? Nawa ya isa hannun mai fartanya, nawa ya tsaya a hanya? In ba a baje sunaye da lissafi ba, sai a yi wa manomi kuɗin goro a ce shi ne maƙi biyan bashi, wanda ya ci rabo mai tsoka kuwa yana zaune a inuwa.

Sai babbar magana, aikin noman rani na fadamar Zauro. Tun 1969 aka tsara shi: a gina ganuwar ƙasa ta tare ambaliya, a ja hanyoyin ruwa, a noma fiye da hekta 10,000 tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. A 1982 aka yi gonar gwaji ta hekta 100. A 2003 Shugaba Olusegun Obasanjo ya zo neman ƙuri'a ya yi alkawarin kammala shi. A 2008 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ba da umurni a fara. Yaron da aka haifa shekarar da aka zana aikin yau yana da jikoki. To, nawa aka sa wa aikin a kasafi cikin waɗannan shekaru? Nawa aka saki? Wa aka ba kwangila, me ya gina? Gonar wa ganuwar za ta bi ta kai, kuma nawa ne diyya? Ina makomar masunta in an tare ruwa? Kowace tambaya a nan tana da amsa a rubuce, a fayil, a Ma'aikatar Albarkatun Ruwa da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Kai ba za ka iya sa Minista ya buɗe fayil ɗin a gaban jama'a ba. Wakilinka yana iya sa shi.

Kada kuma a ga laifin manomin da ke ɗar-ɗar da aikin. Mutanen kwarin nan ba su manta da Bakolori ba. An gama madatsar a 1978 kusa da Talata Mafara, aka raba dubban mutane da gidajensu da gonakinsu, maganar diyya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Da manoma suka tare hanyoyi, sai aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma a Afrilun 1980. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Fadamomin da ke ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da suka saba noma shinkafa da kamun kifi da ita. Aikin da aka ƙulla a ofis, ba a gaya wa masu ƙasa gaskiya ba, ƙarshensa ke nan. Mai son aikin Zauro da mai tsoronsa duka abu ɗaya suke bukata: a kawo takardun fili, tun kafin katafila ta shigo gona.

HUJJAR MASU ƁOYEWA

Za su ce muku ai ba kowane sirrin gwamnati ake faɗa a kasuwa ba. Gaskiya ne. Babu mai hankalin da zai ce a yi shelar ranar da soja za su shiga daji, ko hanyar da za su bi, 'yan bindiga suna saurare. Amma Majalisa tana da zaman sirri, a rufe ƙofa, a fitar da 'yan jarida, Minista ya yi bayani ga wakilan da suka yi rantsuwar kama aiki kamar yadda shi ma ya yi. Ɓoye wa abokin gaba daban, ɓoye wa mai dukiya daban. Kuɗin hayar jirgi da sharaɗin bashi da jerin sunayen 'yan kwangila, wane ɗan bindiga ne zai amfana da jin su?

Za su kuma ce, su 'yan Majalisar fa, waliyyai ne? Nan ma akwai ƙamshin gaskiya, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Shugaban kwamitin da ya tona asirin tallafin mai a 2012, Faruk Lawan, shi kansa kotu ta same shi da laifin karɓar cin hancin Dala 500,000 daga wani ɗan kasuwar mai, ta ɗaure shi a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a 2024. Akwai wakilan da ke kiran Minista don a ji tsoronsu a ba su kwangila ko gurbin aiki, da an ba su sai bincike ya mutu. Amma in mai gadi ya yi barci, ai canza mai gadi ake yi, ba a ɓalle ƙofa a yar. Minista ba ya hannunku. Wakili kuwa yana hannunku duk shekara 4, har ma sashe na 69 ya ba ku ikon yi masa kiranye kafin wa'adinsa ya cika, in fiye da rabin masu rajista a mazaɓar suka sa hannu, aka kuma tabbatar da ƙuri'ar raba gardama.

Kada kuma a ce muku abin ba ya yiwuwa. A Ingila, a Disamban 2018, Ministoci sun ƙi miƙa wa Majalisa cikakkiyar shawarar da babban lauyan gwamnati ya bayar game da ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai. Wakilai suka kaɗa ƙuri'a, 311 da 293, cewa gwamnati ta raina Majalisa. Washegari takardar ta fito. Ba bindiga, ba zanga-zanga. Wakilai ne kawai suka tsaya da ƙafafunsu.

A tsarinmu Majalisa ba ta iya korar Minista, Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke da wannan iko. Amma bakin jaka yana hannunta. Ma'aikatar da ta ƙi kawo lissafin bara, Majalisa tana iya ƙin sa mata hannu a kasafin baɗi. Ran da aka yi wa ma'aikata ɗaya haka, sauran za su zo da fayil a hammata tun ba a kira su ba.

IN ƊAN TAKARA YA ZO

'Yan takara za su zo da motoci da makaɗa, wasu da atamfa da sabulu da taliya. Ku karɓe su da mutunci kamar yadda aka san mutanen Kabi da karɓar baƙo. In an gama gaisuwa, dattijo ɗaya ya miƙe ya yi masa waɗannan tambayoyi a gaban kowa:

1. In Ministan jam'iyyarka ne ya ƙi zuwa Majalisa, ko ya ƙi kawo takarda, za ka tashi ka yi magana, ko sai na jam'iyyar hamayya kake iya gani?

2. Za ka sa hannu a kan bashin da ba a nuna maka sharuɗɗansa ba, ko kuɗin da aka riga aka kashe ba bayani?

3. Za ka nemo mana lissafin aikin fadamar Zauro, abin da aka sa da abin da aka saki, ka zo nan ka karanta mana da Hausa?

4. In an tashi buɗe ƙofofin madatsar Goronyo da ta Bakolori, wa ke da alhakin sanar da mu, kwana nawa kafin ruwa ya iso? Mun ga ambaliyar 2010, mun ga ta 2020 da ta cinye shinkafar jihar nan. Za ka sa a rubuta wannan ƙa'ida a bayyana ta?

5. In ka taɓa zama a Majalisa, wane kwamiti ka shiga, wane Minista ka yi wa tambaya, ina rahoton?

Wanda ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ku sa malamin makaranta ya rubuta amsar da kwanan wata, a ajiye. Wanda ya yi fushi, ko ya ce ku bar wannan ga dai ɗan abin shan ruwa, to ya riga ya nuna muku irin zaman da zai yi a Abuja. Mutumin da bai jure tambayar talaka a ƙofar gidan Hakimi ba, ba zai iya tambayar Minista ba.

Samari masu ilmi, ku ma da naku aikin. Tun 2011 akwai Dokar 'Yancin Samun Bayani, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ma'aikatar Gwamnatin Tarayya takarda ya nemi bayani, ita kuma ta amsa cikin kwana 7, in ta ƙi ta faɗi dalili, kuma ana iya kai ta kotu. Ƙungiyar manoma ko ta masunta tana iya rubutawa da sunanta. Ku rubuta, ku ba wakilinku kwafi, ku ga abin da zai yi da shi.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa cika layi ran zaɓe, ku ne kuma kuka fi kowa sanin yadda kuɗin cefane ya lalace. Uwar adashin da ta ƙi faɗin wanda ya zuba da wanda ya kwasa, kun san ba a sake ba ta zubi. Haka za ku yi wa wakilin da ya je ya yi shiru.

Ku adana katin zaɓenku. Ku fito da wuri. In an miƙo muku takardun nan 3, ku ba ta biyu da ta uku irin natsuwar da kuka ba ta farko, haka kuma ta Majalisar Jiha ran zaɓen Gwamna. Ku tura mai ido, mai baki, wanda ba a rufe masa baki da kwangila. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu zaɓe lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.